Sunayen Kifi Sun Tona Asirin Mutanen Dauri

Can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha suka haɗa iyaka, akwai wata al'umma da ake kira Sami, masu kiwo da farauta da su. Harshensu dangin na Finlan ne da na Hangari. Shaidar wannan zumunta tana cikin kalmar kifi ita kanta: Samin arewa suna cewa guolli, mutanen Finlan kala, na Hangari kuwa hal. Duk tsatso guda ne.

To amma da masana suka bi sunayen kifayen ɗaya bayan ɗaya, sai zance ya sha bamban. Babban kifin nan luossa an gano cewa sunansa aro ne da ya samo asali daga harsunan Baltik, dangin harshen Lituweniya. Wannan mai sauƙi ne, domin mai kayan yana nan da ransa. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomi irin su šákša, wani ɗan ƙaramin kifin teku, da šuorja, wani ƙaton kifi, da cuohppa, wato tsokar kifi. An duba dangi, an duba maƙwabta, ba a sami inda suka fito ba.

Shaihin malami Ante Aikio, wanda shi ma Basame ne, ya tattauna wannan batu a rubuce-rubucensa na 2004 da 2012. A ganinsa, lokacin da harshen Sami ya bazu zuwa arewa ya tarar da waɗansu mutane masu harshe dabam, waɗanda sannu a hankali suka bar nasu suka kama na baƙi, har ya ɓace kimanin shekara 1,500 da suka wuce. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: waɗannan kalmomi marasa dangi sun taru ne a kan dabbobin teku da tsuntsaye da ƙanƙara da duwatsu, wato abubuwan da baƙo ba ya zuwa da sunansu, sai ya tambayi ɗan gari. Ko da yake dai rashin samun dangin kalma a yau bai hana a same shi gobe ba.

Abin damuwa shi ne, ma'ajiyar da waɗannan kalmomi ke ciki ita ma tana yoyo. Harshen Sami kashi-kashi ne, kuma matar da aka ɗauka ita ce ta ƙarshe mai jin na Akkala sosai ta rasu a 2003, a yankin Kola na ƙasar Rasha.