Dokar da ta tsare Matan Fada, me ya hana ta tsare fadamarmu?

Jama'ar Kabi, ku bari yau mu yi maganar ƙasa, ba ta siyasa ba. Duk wanda ya san hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya san abin da ke gefenta: fadamar Gulbin Rima, wadda ita ce rumbunmu. Saboda ita aka zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya. Saboda ita Legas ta ƙulla da mu aka fitar da Lake Rice a 2016, kuma WACOT ta buɗe kamfanin casar shinkafa a Argungu a 2017. Kowa na cin arzikin fadamar nan. To wa ke tsaron ta? Wa ke da hurumin cewa wannan yanki ba za a yanka shi fuloti ba, wancan tafki ba za a cike shi ba?

Akwai wani tsari a Amurka da Ingila da ya kamata mu duba. Mutanen yanki kan kafa ƙungiyar riƙon amanar ƙasa, ba ta gwamnati ba, ba ta neman riba ba. Manomi na nan da gonarsa, yana nomawa, yana iya sayarwa, 'ya'yansa su gada. Abu ɗaya ƙungiyar ke saye daga hannunsa ko ya ba ta kyauta: 'yancin mayar da gonar gidaje ko shaguna. A rubuta sharaɗin a takardar filin, ya bi filin duk hannun da ya shiga. Haka suke yi wa dausayi da kurmi don tsuntsaye da namun daji.

Kafin wani ya ce ai abin Turawa ne, ya je Argungu ya tsaya bakin Matan Fada. Wannan yanki na gulbi ba a kamun kifi cikinsa sai ranar su. Sarkin Ruwa ke riƙe da amanar, masarauta na bayansa, Kabawa sun yarda. Ba katanga, ba waya, amma doka ta zauna tun kaka da kakanni. Sakamakon fa? Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya kai UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Da aka dawo da bikin a 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Da homa da gora aka fito da shi. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a ruwan da ake tatsa kullum da ragar sauro. Ya kai ne don an ƙyale shi.

Ai ko a addininmu ba baƙon abu ba ne. Muna da wakafi, dukiyar da ake tsarewa, ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta na jama'a. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ta zama makiyaya, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. A Hausa muna da hurumi, muna da burtali. Kalmomin na nan, aikin ne ya mutu.

Matsalar ita ce Matan Fada ba tsibiri ba ce. Ruwanta daga sama yake gangarowa, kuma tun da aka gina dam ɗin Bakalori da na Goronyo ambaliyar da kan cika tafkunan fadama ta daina zuwa yadda manoma da masunta suka saba. A waɗannan tafkunan kifi ke ƙwai. Can agwagin ruwa da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu ke sauka. Yanzu noman rani ya shiga ko'ina, injin ban-ruwa na zuƙa, feshin maganin ciyawa na komawa cikin ruwa, kowa na ƙara taki ɗaya cikin tafki har tafkin ya zama gona. Ta wani gefen gari na matsowa. Gonar da aka raba gado sau biyu ta zama guntu-guntu, mai kuɗi ya zo ya tattara, a zuba ƙasa, a sa bulo. Sai damina irin ta 2020 ta zo, ruwa ya rasa wurin kwanciya, ya cinye shinkafa ya bi gidaje, mu ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma fa mu muka toshe masa ɗaki.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: talaka ba don son ransa yake sayar da gona ba. Asibiti ne, auren 'ya ne, bashin taki ne. Wanda ke zaune cikin fanka a Abuja ba shi da bakin cewa kar ka sayar. Shi ya sa ban goyi bayan a zo da doka kawai a hana ba. Mun ga abin da ƙarfi ya haifar a Bakalori a 1980, lokacin da manoma suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da bindiga. Tsarin amana kuwa biyan manomi yake, ya karɓi kuɗin barin gini, gonarsa na hannunsa. Wanda gonarsa ke bakin tafki a biya shi ya ja baya. Wannan ciniki ne, ba ƙwace ba.

Ina kuɗin za su fito? Kamfanonin shinkafa da ke Birnin Kebbi da Argungu, in fadama ta mutu injinansu ƙarfe ne kawai, su fara sa hannu a aljihu. Attajiranmu da ke gina masallaci kusa da masallaci, wakafin gona da tafki ma sadaka ce mai gudana. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda gyaran ƙasa da ruwa ne ainihin aikinsa.

Sai gwamnati. Dokar filaye ta 1978 a sashenta na farko ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana don amfanin jama'a. To Kauran Gwandu, ga amanar nan. Abin da ake buƙata daga gare ka ba mai tsada ba ne: a auna fadamar daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, a fitar da taswirar tafkuna da burtaloli, a daina ba da takardar gini a hanyar ruwa, majalisar jiha ta yi dokar da za ta sa sharaɗin amana ya bi fili ko an sayar da shi. Riƙon kuwa kar a ba wata sabuwar hukuma da za a cika da 'yan siyasa. A ɗora shi kan masarautun Gwandu da Argungu, tare da sarakunan ruwa, sarakunan noma, arɗoɗin Fulani da malamai, kuma rajistar filayen ta kasance a buɗe, duk mai so ya je ya duba.

Mutanen Augie, Kalgo, Bunza da Suru, ku da fadamar ke ƙofar gidanku, ku faɗa mana: tafki nawa kuka sani kuna yara wanda yau babu shi? Ku rubuto sunayensu da garuruwan da suke.