AMSAR TAMBAYA: Ko Tsadar Akwatin Waƙa Tana Ƙara Masa Daɗin Murya?

Wani malamin makaranta da ya saba aiko mana da takardu ya rubuto yana neman shawara. Ya ce ya daɗe yana tara kuɗi don ya sayi irin akwatin nan da ke jawo waƙoƙi daga intanet, ya zuba su cikin lasifikokin ɗaki. Da ya bincika, sai ya tarar akwai na ƙasa da dala 100, akwai kuma na dala dubbai. Mai sayarwa ya ce masa araha ba ta ado. To, yana tambaya, shin gaskiya ne mai tsadan ya fi daɗin murya?

Malam, mun gode. Sai mu fara duba aikin akwatin nan tukuna, gama wanda bai san aikin baransa ba, ba zai san ladan da ya kamace shi ba.

Waƙar da ke tafiya cikin intanet ba murya ba ce, lambobi ne. A ƙa'idar faifan CD, wanda ya fito a 1982, a kan auna murya sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. Dalilin wannan adadi kuwa, kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, ko da na yaro ne, balle na wanda furfura ta fara. Masana biyu a Amurka, watau Nyquist a 1928 da Shannon a 1949, sun nuna cewa in awo ya haura ninki biyu na wannan, ba abin da zai salwanta. Aikin akwati shi ne ya karɓo lambobin nan. Masinja ne da aka ba takarda. Ko bisa ingarma ya iso, ko bisa jaki, abin da aka rubuta shi akawu zai karanta, ba ƙari ba ragi. In wani yanki ya ɓace a hanya, a kan sake aiko da shi. In hanyar ta lalace ƙwarai, sai waƙa ta tsaya cik, amma ba ta dushewa.

Sai dai akwai wani ma'aikaci na biyu, mu kira shi tafinta, wanda ke mai da lambobi su koma murya. Wani akwati ya kan zo da nasa a ciki, wani kuwa sai ya miƙa wa wanda ke cikin na'urar ƙara ƙarfin sauti. In tafinta ɗaya a ke miƙa wa, to, mai tsada da mai araha saƙo ɗaya su ke kawowa. In kowa da nasa, nan ne a ke iya samun bambanci, musamman in aikin ganganci ne, har a riƙa jin gunjin lantarki ƙarƙashin waƙa. Amma yau tafinta mai kyau ya yi araha, kuskurensa kuwa ya yi ƙanƙantar da kunne ba ya kama shi. Kuskuren lasifika ya ninka nasa nesa ba kusa ba. Ɗakin ma yana da nasa: bango da sumunti tsirara su kan sa amo, darduma da labule su kan kwantar da shi, ja da lasifika daga kusurwa taki biyu ya kan sāke murya fiye da sāke akwati.

To, me ya sa mutanen kirki su ke rantsewa sun ji bambanci? Ba ƙarya su ke yi ba, kunne ne ke bin zuciya. Tun daga 1915 kamfanin Edison ya riƙa tara jama'a a manyan ɗakuna a Amurka, a tsai da mawaƙiya kusa da garmaho, tana yi yana yi, sa'an nan a kashe fitilu ta sulale. Da an kunna, sai jama'a su ga ashe garmaho kaɗai su ke saurare. Garmahon da yau yaro ba zai ruɗe da shi ba! Ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta faɗa daga baya cewa ita ce ta koyi kwaikwayon muryar akwatin. Har wa yau, in an jera abu biyu, wanda aka ɗan ƙara wa ƙarfi shi a kan ce ya fi daɗi. Mai kanti kuwa ya san wannan sarai.

Ba mu ce tsada banza ce ba. Mai tsada ya kan fi ƙwari, da sauƙin sarrafawa, wani har yana gyara murya daidai da ɗaki, wannan kuwa a kan ji shi da kunne. A kuma tambaya ko masu shi za su daɗe suna kula da shi: Google ya fito da wani ɗan ƙarami a 2015 a kan dala 35, ya yi farin jini, amma a 2019 aka daina yinsa.

Shawararmu, Malam, ka sayi matsakaici, ka zuba mafi yawan kuɗinka a lasifika. In zuciyarka ba ta kwanta ba, roƙi mai sayarwa ya yarda da gwaji. A haɗa biyun da lasifika ɗaya, a daidaita ƙarfinsu sosai, a sa waƙar da ka sani. Ka juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa sau goma ba tare da ya faɗa maka ba, kana faɗi yana rubutawa. In ka ci tara, kunnenka ya ji wani abu, sai ka auna ko ya kai kuɗin. In biyar ko shida ka ci, mai kacici-kacici ma ya kan ci haka. Ka rubuto mana abin da ya fito, mu buga wa jama'a.