A Daina Rufe Shaihu Umar da Kalmar Haƙuri

Tambayi duk ɗalibin da ya karanta Shaihu Umar abin da littafin ya koya masa, amsar ba ta wuce ɗaya: haƙuri da yarda da ƙaddara. Malamai suna nuna Umar a matsayin yaron da wahala ta gina halinsa har ya zama shaihi a Rauta. Ni ban yarda da wannan karatu ba, kuma ina ganin zalunci ne ga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya.

Hali yana fitowa ne a inda mutum yake da zaɓi. To, a ina Umar ya zaɓa? Sace shi aka yi yana ƙarami, mahara suka kwashe shi, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara da shi hamada, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Daga hannu zuwa hannu yake tafiya kamar kayan fatake. Ladabinsa da karatunsa abin yabo ne, ba na musu, amma sa'ar ubangida ya yi. Sauran yaran da aka kora cikin ayari irin nasa, waɗanda ba su faɗa hannun mai tausayi ba, za mu ce rashin haƙuri ne ya hana su zama malamai?

Wadda ta yi zaɓi a littafin nan uwarsa ce. Ta tafi Fatika ganin iyayenta, kafin ta dawo ɗa ya ɓace. Kowa zai ba ta uzuri in ta rungumi ƙaddara ta zauna wajen mijinta Makau, amma ta ƙi. Mace ita kaɗai ta bi sawun ɗanta har Kano, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk. Ta sha azaba a hannun ubangida, ba ta daina kiran sunan ɗanta ba. Da suka haɗu jikinta ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta rasu. Abin da ke ci mini rai shi ne a aji akan wuce ta da jimla biyu, a koma yabon Umar.

Shi kansa Makau, da muke tausaya wa saboda sharrin fadawa, daga harin kamo bayi ya dawo aka yi masa ƙazafin ɓoye wasu daga ciki. Rigimar duk a kan rabon ganima take, babu wanda ya tambayi halin mutanen da aka kamo. Ɓalewa ya rubuta wannan ne alhali masu ɗauke da tabon bauta suna raye, domin sai a 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya.

Malaman Hausa, in kun zo kan littafin nan, ku tsaya a kan uwar Umar, ku kuma tambayi ɗalibanku wa ya sayar da ita, wa ya saya.