Akuyar Talaka Ma Tana Da Hakki A Asusun Ƙaramar Hukuma

’Yan’uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina neman ku ba ni aron hankalinku kan wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta lafiyar dabbobinmu, da abin da ya kamata ƙaramar hukuma ta yi a kai.

Da yawa daga cikinmu, in za mu faɗi gaskiya, akuya ce ta kawo mu makaranta. Ni dai haka nawa yake. Duk lokacin da aka zo komawa, Inna takan kama ɗan bunsuru a kai kasuwa, a sayo mini littattafai da sabulu da gari. Da sanyin bara na koma hutu na tarar awakinta bakwai duk suna majina da zawo, bakunansu sun yi gyambo. Na hau keke na tafi asibitin dabbobi na garinmu, sai na iske ƙofa da kwaɗo, ciyawa ta cinye harabar. Da ƙyar na samo malamin dabbobi a gidansa. Mutumin kirki ne, amma ya ce ba shi da magani, ba shi da abin hawa, kuma cutar nan tun kafin ta zo ake tare ta da allura. Cikin kwana goma biyar, biyar suka mutu. Inna ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, kuɗin jarrabawarka ke nan muka binne.” Ba don kawuna ya tsaya mini ba, da yanzu ba na cikinku.

To, wa ke da alhakin wannan? Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da kwata, da sa ido kan dabbobin da ake ajiyewa a gida, da sa hannu wajen raya aikin gona. Kowace ranar kasuwa muna ganin ma’aikaci da rasit a bakin kara, ba saniya ko tunkiyar da za a sayar ba a biya mata ba. Ashe kuwa ba daidai ba ne a tatsi saniya kullum, in ta kwanta ciwo a ce ba a san ta ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka lokaci ya yi da za mu tambayi kansilolinmu: nawa aka ware wa dabbobi?

Na san wani zai ce, “Kai yaro, mutane ba su sami magani ba, kana zancen awaki?” Wannan magana abin dubawa ce, amma a tuna lafiyar dabba da ta mutum igiya ɗaya ta ɗaure su. Tarin fuka na shanu yana kama mutum ta madarar da ba a dafa ba. Naman da ba a duba ba a kwata, cikinmu yake zuwa. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, da yawansu yara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana sai dai a yi haƙuri. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan yanke. Kuɗin allurar kare kuwa bai kama ƙafar na jinyar wanda ya ciza ba. Rigakafi ya fi magani.

Kada kuma a ce abin ba zai yiwu ba. Kakana yakan ba mu labarin bushiya, yadda ta yi wa shanu kisan kiyashi a 1983, har wasu makiyaya suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Yau ina bushiya? A 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da allura aka yi, ruga ruga, garke garke. Cutar da ta kashe awakin Inna ma tana da allura, wadda ke kare dabba shekaru, kuma a nan ƙasar ake yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924. Magani yana nan, hanyar da zai iso ƙauye da sanyinsa ita ce babu.

Ga shawarata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a raba aikin. Ƙaramar hukuma ta ware wani kaso tabbatacce daga kuɗin kara da na kwata, ta gyara asibitin dabbobi, ta sayi firij mai aiki da hasken rana, ta ba malamin dabbobi babur da mai. Gwamnatin jiha ta turo likita da allura. Dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo su yi shela, su tara dabbobi ranar da aka sa. Sarkin Fawa ya hana yanka abin da ba a duba ba. A kowace gunduma a koya wa matasa biyu, mace da namiji, aikin allura a ƙarƙashin likita, domin yawancin awaki da kaji na mata ne, kuma mace ce za ta shiga cikin gida ba shamaki. Masu dabbobi su ma su biya ɗan abin da ba zai gagare su ba, don abin da aka sa wa kuɗi an fi kula da shi. Sa’an nan a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a bakin kasuwa, kowa ya gani.

Mu ɗalibai kuma kada mu naɗe hannu. In mun je hutu mu karanta wa iyayenmu sanarwa, mu taya su kai dabbobi wurin allura, mu gargaɗi ƙannenmu su daina tsokanar kare. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a garzaya da shi asibiti.

Iyayenmu, ku ne masu ƙuri’a. In ɗan takara ya zo ƙofar gida neman goyon baya, ku tambaye shi ranar da za a cire kwaɗon nan. Awakin Inna biyu da suka tsira sun haihu, kuma da su nake sa ran gama karatuna. Allah ya raya su, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.