Na'urar Banki Mai Haɗiye Kati da Mutanen Gadaka

Galibin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun sun daina aika kuɗi gida ta hannun direba. A banki suke zubawa, su bar wa tsoho katin cira. To, amma ga mutumin Gadaka, a ƙasar Fika, in ya tashi neman na'urar cirar kuɗi, sau da yawa sai ya hau mota zuwa Potiskum.

Katin farko baƙin layi ne da shi a baya, inda ake rubuta bayanin mai ajiya da maganaɗisu. Da yake abin da na'ura ta rubuta wata na'ura na iya kwafewa, ɓarayi suka yi ta buga katin jabu. Wannan ya sa Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankuna komawa kati mai ɗan guntun ƙarfe, aka yi canjin tsakanin 2009 da 2010.

Sai dai na'urar ba karatu kaɗai take yi ba. In an kuskure lambar sirri sau uku, ko an yi jinkirin zare kati, tana iya riƙe shi. Domin tsaro aka yi haka, amma dattijon da bai yi boko ba shi ke asarar kuɗin mota da yini guda, ya koma gida hannu wofi.

Saboda haka, duk wanda ya bar kati a gida, wajibi ne ya koya wa mai riƙonsa lambar har ta zauna, ya kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa baƙo a bakin na'ura. Rigakafi ya fi magani.