Alƙali ya san doka, mutanen gari sun san gona

Shekarun baya na raka kawuna gaban shari'a kan wata gona da ke cikin Dallol Boso, kusa da Filinge. Kakanmu ne ya ba wani baƙo aronta, jikokin baƙon suka tashi suka ce gadon ubansu ce. Mai gari ya yi ƙoƙarin sulhu bai ɗauru ba, aka je fada aka kasa, magana ta kai kotu. Alƙalin matashi ne mai natsuwa, daga nesa aka turo shi, yana Faransanci tafinta na juyawa. Gefensa dattawa biyu na zaune, waɗanda ake kira asesar. An daɗe ana ja-in-ja, babu mai takarda ko ɗaya. Can sai ɗaya daga cikin dattawan ya duƙa ya ce wa alƙali a tambaye su: in kaka ta yi, wa ke kai wa wani damin hatsi? Ɗakin ya yi tsit. Duk ɗan Kurfey, wato yankinmu, ya san mai aro ke kai dami gidan mai gona, don kada a manta asali. Wannan tambaya ce ta warware shari'ar.

Abin da ke damuna tun ranar shi ne, da alƙalin ya ga dama, da ya yi watsi da maganar dattijon, kuma doka na bayansa. Tun dokar 1962 da ta tsara kotunan Nijar, har zuwa ta 2004, an yarda alƙali ya zauna da masana al'ada biyu a shari'ar aure, saki, gado da gonakin gargajiya. Sai dai nasu shawara ce kawai. Hukunci na alƙali ne shi kaɗai.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Amurka da Ingila akwai tsarin da suke kira juri. A manyan laifuka ana zaɓo mutum 12 ta hanyar ƙuri'a daga cikin jama'ar gari, direba ne ko malama ko mai shago. Su ke sauraron shaidu, su keɓe a ɗaki, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Aikin alƙali ya tsare ƙa'ida, ya fayyace masu doka, galibi kuma shi ke yanke horo. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2020, ba a kama mutum da babban laifi sai bakinsu duka ya zo ɗaya. A Ingila, tun 1967, ana iya karɓar muryar 10 cikin 12. Faransa, wadda muka gaji tsarin kotunanta, ta bi hanyar tsakiya: alƙalai 3 da mutanen gari 6 ke zama tare, su yi shawara tare, su jefa ƙuri'a tare.

Kowane tsari da nasa rauni. Alƙali yana rubuta dalilin hukuncinsa, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara a duba inda aka kauce. Juri irin na Amurka ba ya faɗin dalili. Kuma a ƙasa irin tamu, inda kowa ɗan'uwan wani ne ko surukinsa, mutum 12 daga gari ɗaya na iya zama dangi ɗaya. A ce an tara manoma zalla su yanke wa Bafulatani hukunci kan ɓarnar gona, ko makiyaya zalla su yanke wa manomin da ya cinye burtali, kowa ya san inda za a faɗa. Shi ya sa ban nemi a kwaso mana tsarin Amurka ba.

Abin da nake nema yana kusa da hannu. A riƙa rubuta ra'ayin asesar cikin takardar hukunci, in alƙali ya saɓa masu ya rubuta dalilinsa. A zaɓo su daga Kurfeyawa, Zabarmawa, Buzaye da Fulani, yadda duk mai ƙara zai ga wanda ya san al'adarsa. A sa mata cikinsu, domin matar da ta zo neman gadonta ko rabon aurenta ta fi sakin baki gaban 'yar'uwarta. A riƙa sauya su lokaci lokaci, kada kujera ta zama ta gado. A biya su haƙƙin zamansu kan kari, don mai yunwa ba ya tsare gaskiyar wani.

Ina kira ga ma'aikatar shari'a da sarakunanmu su duba wannan magana. Talakan da ya taso daga ƙauye da asuba, ya sayar da akuyarsa don kuɗin mota, ya cancanci hukuncin da wanda ya san doka da wanda ya san gona suka sa wa hannu tare.