Ƙyallin Feda da Rayuwar Ɗalibi

Hazon hunturu ya sauka, magariba na saurin yi, ɗalibanmu na Kunduru kuwa suna komowa daga Kankiya bisa kekuna marasa fitila. Direba ba ya hango yaro sai ya zo dab da shi. Ɗan ƙyallin nan na jikin feda, mai hawa da sauka idan hasken mota ya doke shi, shi ke shaida masa akwai mai keke a gaba. A Ingila doka ta wajabta shi da dare ga kekunan da aka ƙera tun daga Oktoban 1985. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ba za su iya bin kowane ƙauye ba. Don haka muna roƙon shugabannin makarantu su riƙa duba kekuna da safe, iyaye kuma kada araha ta sa su sayi feda marar ƙyalli.